Dan Allah masu ɗinkin buti na Faransa, ya ake wanke shi a gyara bakinsa?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya yara. Dan Allah tambaya ce dani ga duk wadda ta san ɗinkin hannun nan na kudancin Faransa da ake cewa buti, su boutis suke rubutawa in za ki nema, wanda ake haɗa farin yadi biyu a ɗinke zane a kai sannan a bi ta baya ana cusa zaren auduga cikin layukan har zanen ya taso. Ni a bidiyo na koya ba wanda ya zaunar dani, to yanzu na zo inda bidiyon baya amsa min.

Ɗan ƙarami nayi, santimita 45 kowane gefe, ƙanwata ce ke da tsohon ciki nake so in kai mata ranar suna in Allah ya sauke ta lafiya. A tsakiya kwandon furanni ne, kusurwa huɗu ganye, sauran filin duk layuka ne a tsaye daga sama zuwa ƙasa, amma kusa da baki na bar fili haka nan ban cusa komai ba saboda naga kamar yafi kyau. Na gama ɗinki na gama cusawa amma abin yaƙi kwanciya sam, tsakiyar ta taso gefen kuma yana tattarewa kamar faifan da ruwa ya daka, da na auna faɗin ya koma 40 tsawon kuma 43 da ɗan wani abu. Ta baya duk ƙananan ramuka ne inda allura ta shiga wasu ma kan zaren na leƙowa, ga zanen fensir yana nan raɗau, ga dattin hannu da ƙurar hunturun nan farin ya fara komawa ruwan ƙasa.

Abinda nake son sani, in sa mai dutsen guga ne ya kwanta? zan iya jiƙa shi da bilic fensirin ya fita? kuma bakin ya ake gama shi, don yanzu yadin a sake yake yana zarewa, wata maƙociyata tela tace in kawo ta bi min da keke ta sa leshi a zagaye amma zuciyata bata kwanta ba. Sannan in wannan yayi kyau ina son yin rigar filo guda biyu, ya ake tsara zanen tun farko don kar in sake haɗuwa da wannan matsalar. Nagode Allah ya bar zumunci.

Tanti Rabi:

Wa alaikumussalam ƙanwata. Kafin komai ki ajiye dutsen gugar nan nesa, kar ya taɓa shi, bilic ɗin ma haka, keken maƙociya ma ki ba ta haƙuri. Aikinki bai lalace ba, duk abinda kika lissafa haka buti yake fitowa daga hannun kowa kafin ya sha ruwa. Ni a Nîmes nake zaune, wani birni a kudancin Faransa, kuma wajen tsofaffin matan unguwarmu na koya, suna da zama duk sati a ɗakin taron unguwa, abu na farko da suka cusa min a kai shine ba a yanke wa buti hukunci sai ya jiƙu ya bushe a kafe.

Ki fara da bayan tun yana bushe. Ki samu tsinken sakace mai santsi, duk inda kan zare ke leƙowa ki rage shi da ƙaramin almakashi ki bar kamar milimita biyu sannan ki tura shi ciki da tsinken a hankali, kar ki yanke shi daf da yadi don in ya sha ruwa zai ja baya ya bar miki ƙarshen layin fayau ba komai a ciki. In kin tura sai ki sa bakin tsinken ko farcenki ki ɗan karce wajen ramin, sama da ƙasa, hagu da dama, zaren yadin da allura ta ture zai dawo mazauninsa. Ramin da zai ƙi rufewa shine wanda allura ta tsinka zaren yadin, shi yasa ake amfani da allura mai dakusasshen baki wajen cusawa, tana raba zaren ne bata yanka shi. In kin samu irin wannan guda ɗaya ko biyu ki kama shi da siririn zare ɗinki biyu kawai ki wuce, ta baya ne.

Sai wanki. Da yake fensir ne naki da sauƙi. Ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, a roba mai tsabta, da farin sabulu wanda ba kala ba turare, mu nan sabulun birnin Marsey muke sawa shine na gargajiya, ke ki nemi kowane farin sabulu mara ƙarfi ki kankare shi a ruwan ya narke tukun kafin ki sa aikin. Ki bar shi ya kwana a ciki. Da safe ki riƙa danna shi da tafin hannu kina ɗagawa, ba cuɗawa ba murzawa, inda fensir ya ƙi fita ki shafa sabulun ki bi da tsohon buroshin haƙori mai laushi a hankali kan layin ɗinkin. In da irin biron nan mai shuɗi da ruwa ke gogewa kika yi zanen to da sai nace ruwan sanyi zalla tukun ba sabulu har sai shuɗin ya tafi gaba ɗaya, don zafi da wasu sabulan suna kama shi ya zauna ya koma ruwan ƙasa, wannan ya cuci mutane da yawa. Ki ɗauraye sosai har ruwa ya fita garau, sabulun da ya maƙale cikin zaren ciki shi ke sa farin ya yi rawaya daga baya. Kuma in ruwanku na rijiya ne ko burtsatse mai barin ja a bokiti, ɗaurayar ƙarshe ki yi da ruwan leda, bai kai ya ɓata miki aiki ba.

Kar ki matse shi. Ki shimfiɗa shi kan farin tawul ki naɗe su tare ki danna, tawul ɗin ya shanye ruwan. Yanzu ne aikin da kike so guga ta yi miki zai faru. Ki samu wani abu da fil zai shiga, falle na soso mai tauri ko kwali mai kauri da kika rufe da leda sannan farin ƙyalle, ki zana murabba'i a kai da ma'auni, ki ɗora aikin fuskarsa sama yana da danshi. Ki kafa fil a tsakiyar kowane gefe tukun, huɗu kenan, kina ɗan ja, sannan kusurwoyi, sannan ki cike tsakani fil kusa da fil kamar duk santimita ɗaya ko ɗaya da rabi, kina yi kina komawa gefen da ke fuskantarsa don kar jan ya rinjaya waje ɗaya. Fil ɗin a cikin rarar yadin da ke wajen zane za ki soka ba cikin aikin ba, shi yasa ba a yanke baki sai bayan wanki, da kin bari an bi miki da keke da babu inda za ki kama. Ki auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta hagu da ta dama, in sun zo daidai to ya miƙe. Fil ɗin lalle wanda baya tsatsa, ki gwada guda ɗaya a jiƙaƙƙen ƙyalle ya kwana ki gani, tsatsa a farin buti baƙin ciki ne. Ki bar shi a inuwa a kwance har ya bushe ƙarau ciki da waje, da ƙurar da kike faɗa ki yi a ɗaki ki rufa masa siririn mayafi.

Gaskiya ɗaya zan faɗa miki, ba zai dawo 45 ba, kuma ba lalle ya zama daidai ta kowane gefe ba, ki nufi kamar 42 da 43 ki karɓa. Layukanki duk a tsaye suke, kowane layi da aka cusa yana cin faɗi, shi yasa faɗin ya fi raguwa. Filin nan da kika bari ba cusawa kuwa shine ke tattarewa, ciki ya tsuke shi bai tsuke ba, yadin ya rasa inda zai je. In kina da haƙuri kafin wankin ki ƙara layi uku ko huɗu a zagaye cikin filin nan ki cusa su, wlh rabin matsalar zai tafi tun kafin ruwa, kuma dama kina buƙatarsu don gyaran baki.

Bakin kuma hanya biyu na sani da ake yi da hannu. Mai sauƙin ita ce kalmasa, bayan ya bushe ki rage yadin baya ki bar kamar milimita uku daga layin ƙarshe, na gaba ki bar masa santimita ɗaya, ki ninka shi sau biyu zuwa baya ya rufe na bayan, ki kama shi da ɓoyayyen ɗinki daidai kan layin ɗinkin ƙarshe, ta gaba ba abinda za a gani sai layin da ya taso shine iyaka. A kusurwa ki rage yadin a karkace kafin ki ninka don kar ya yi tudu. Ɗayar ita ce bakin da ake yi mai lanƙwasa-lanƙwasa kamar rabin wata a jere, a bi shi da irin ɗinkin ramin maɓalli a matse da zaren surfani fari, sai an gama zagayewa sannan a yanke rarar yadi daf da ɗinkin. Yafi kyau nesa ba kusa ba kuma shi aka fi gani a kayan jarirai na da, amma yana cin lokaci kuma in almakashi ya zame ya ci ɗinki ɗaya sai gyara. Tunda suna na matsowa ni kalmasa zan ce ki yi. Leshi kuwa a'a, zai janye ido daga aikin da kika sha wahalarsa.

Malam Sani Mai Hula:

Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo zancen mata, ni ɗinkin hula nake yi tun ina yaro shi yasa abin ya ja hankalina. Ban taɓa yin wannan ba amma na je na kalli hotunansa, kuma Hajiya Rabi abinda kika faɗa na tattarewa haka yake a wajenmu, hular da aka cika wa aiki a wani gefe aka bar wani gefen sakayau bata taɓa zama daidai a kai ko an wanke an buga.

Abinda zan ƙara wa Maman Ilham shine ta duba hannunta wajen jan zare. Da yawa tattarewar tun daga ɗinki take farawa ba daga cusawa ba, in kina jan zare da ƙarfi kowane layi yana ɗan tsuke yadin kaɗan kaɗan baki gani sai sun taru. Zaren ya kwanta ne kawai. Kuma kar ki yanko zare dogo, daga yatsa zuwa gwiwar hannu ya isa, dogo yana gajiya ya yi gashi ya kwashi datti.

Sannan tambaya gareki Hajiya, zaren da ake cusawar nan naga kamar abawa, mai kauri mara murɗi sosai. Wanda yake nan gida ba zai iya sa abawa ba? don har yanzu ana samu wajen tsofaffi masu kaɗi a ƙauye. Mu ma ai muna da ɗinki a cusa, lifidin da ake sa wa dawaki a hawan sallah yadi ne biyu a ɗinke da audugar rimi a ciki, sai dai shi don kariya aka yi shi ba don a ɗaga a kalla ba, kauri ake nema.

Ummu Sudais:

ni fa ban gane ba, wannan ba shine irin bargon nan mai soso a ciki da ake ɗinkewa da keke ba? meye na wahalar yi da hannu ana bin layi ɗaya ɗaya, ba sai a sa auduga a tsakiya a bi da keke a huta ba. tambaya nake dan Allah ba raini ba, hoton da na gani yayi min kyau sosai

Tanti Rabi:

Ummu Sudais tambayarki daidai ce, ko a nan ana haɗa su, shaguna na sayar da zanin gado na inji mai auduga a tsakiya su rubuta masa boutis, matan da nake zama dasu abin na ƙona musu rai. Wancan hawa uku ne, yadi, auduga shimfiɗe, yadi, a ɗinke su tare, shima aiki ne mai tarihi na yankin Provence a nan kudancin Faransa kuma da hannu ake yinsa a da. Buti hawa biyu ne kawai ba komai a tsakani lokacin ɗinki, sai an gama ake shigar da zaren gida gida. Yadda za ki bambance, ki ɗaga shi saitin taga, na gaske haske zai ratsa ta layukan ɗinki zanen ya fito baƙi-baƙi a tsakani, mai auduga kuwa duhu ne gaba ɗaya. Kuma na gaske gaba da baya duk fuska ne in mai yin ta iya. Keke zai iya yin layukan, wasu na yi, amma ɗinkin keke yana da tauri yana ƙulle yadin, ga lanƙwasa ƙanana da baya iya bi da kyau, cusawar kuma dole hannu.

Abin ya daɗe. Akwai wani tsohon zanin gado da aka ɗinka a tsibirin Sisili na Italiya wajen ƙarshen ƙarni na 14 mai zanen labarin Tristan, wani jarumin tatsuniyar Turawa, an cusa masa auduga ta wannan hanyar, wani ɓangarensa na gidan tarihin Victoria da Albert a Landan wani a gidan tarihin Bargello a birnin Florence na Italiya. Amma Marsey ce ta mayar da shi sana'a, tashar jirgin ruwa ce da auduga da yadi ke shigowa daga gabas, a 1669 aka ba ta 'yancin shigo da kaya ba haraji irin na sauran ƙasar, a 1686 kuma gwamnati ta hana yadin auduga mai zanen kala irin na Indiya don kare masu siliki da ulu, hanin bai tashi ba sai 1759. A wancan zamanin dubban mata ne ke ɗinkin fari a Marsey ana fitar da shi har Ingila da Holan. Da masaƙan Ingila suka gano yadda injin saƙa zai kwaikwayi kamanninsa da araha sai kasuwar ta ja baya, aikin ya koma cikin gidaje, 'yan mata na ɗinka siket ɗin aurensu da zanin gado na kayan ɗaki, da ɗan ƙaramin nan da ake cewa petason wanda ake ɗorawa a cinya in za a karɓi jariri don kar ya ɓata wa mutum kaya. Maman Ilham kinga abinda kika yi kenan, har girman kusan ɗaya. Kusa damu akwai wani gari Calvisson da ke da gidan tarihi na buti kaɗai, Maison du Boutis, duk wadda ta zo wannan yankin ta daure ta je, kuma a 2019 Faransa ta sa shi cikin jerin al'adun gado na ƙasa.

Malam Sani, abawa a ganina zata yi, kamannin ɗaya ne da wanda muke saya, auduga zalla mai laushi mara murɗi da yawa. Abu biyu nake tsoro, kaurinta baya zuwa daidai wani waje kauri wani siriri to layin zai fito da tudu da kwari, sai a zaɓi ta hannun wadda ta iya kaɗi sosai, na biyu ɓarɓashin gurya da ke maƙale a ciki, in ya jiƙu yana fitar da ɗigon ruwan ƙasa ta cikin farin yadi kuma ba yadda za a yi a ciro shi bayan an cusa. Sai an tsince ta an dafa ta da sabulu ta bushe tukun. A gwada a ɗan ƙyalle a wanke a gani. Abinda dai ba zan ce a sa ba shine zaren ulu na roba da ake saƙa kayan sanyi da shi, yana da tsalle baya zama, yana fitowa ta ramin, kuma baya tsukewa tare da yadi.

Zancen tsara zane na rigar filo kuma, ƙanwata ga abinda na koya. Kowane gida a zanen dole ya zama rufaffe, ganye ko fure ko layi, in ɗinkin bai haɗe ba zaren zai zille ya shiga maƙwabci. Faɗin layi milimita uku zuwa huɗu, in ya fi haka zare biyu baya cika shi in ya gaza allura bata wucewa, ki gwada da zarenki a ƙyalle kafin ki zana duka. Babban ganye ki raba shi da jijiya a tsakiya ya zama gida biyu ko huɗu, gida babba baya riƙe cusawa da kyau yana yin laƙwas bayan wanki. Abinda yafi duka, cikar aikin ta zama ɗaya ko'ina, kar wani waje ya cushe wani ya zama fili. Layukan bango ki yi su a karkace ba a tsaye ba, kuma ki raba filin huɗu kowane kashi layinsa na fuskantar tsakiya, ta haka jan da wannan ya yi wancan zai rama, allura ma tafi shiga a karkace. Ki ƙara kamar kashi goma cikin ɗari a kan girman da kike so, ki bar rarar yadi santimita biyar ko fi a zagaye. Yadi biyun tsayuwar zarensu ta zo ɗaya, ki riƙe su da manyan ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa waje kafin ki sa a katakon zagaye. Ɗinki daga tsakiya, cusawa ma daga tsakiya, kuma sai kin gama ɗinki duka kafin ki fara cusa ko ɗaya. In layi ya yi kwana mai kaifi ki fito da allura ki koma ta ramin nan dai ki bar ɗan sako-sako a zaren, in kin ja shi tam kwanar zata tsuke.

Zanen da suka saba yi akwai ma'ana, zuciya, rumman, zangarniyar alkama, inabi, kwandon fure, harufan sunan amarya da shekarar aure. Ba dole ki kwafa ba, duk zanen da gidajensa ke rufe zai yi. Rigar filo kuma ki tuna kai zai riƙa hawa ana wanki akai akai, ki yi ta ado ce a ɗora da rana a cire da dare.

Hajiya Binta Kd:

Sannunku da ƙoƙari, na karu sosai. Ni na yi guda uku wata 'yar Kamaru ce ta koya min da muka zauna tare, kuma waje ɗaya zan ɗan saba da Tanti, ko in ce in ƙara. Bata yi maganar wanke yadi kafin a fara ba, na san da yawa can basa wankewa wai don in an gama a wanke yadin ya tsuke ya rufe ramuka. Wannan yadinsu ne da suka san shi. Namu na kasuwa wlh sai kin wanke, sitatin da ke jiki yawa gare shi, kina ganin yadi mai kyau mai tauri kina jiƙawa ya koma kamar matata, gara ki san gaskiyarsa kafin ki zuba masa wata da watanni. Kuma sau da yawa na gaba da na baya ba daga bandir ɗaya suke ba, ɗaya ya tsuke ɗaya ya ƙi, shikenan aiki ya karkace har abada ko fil dubu kika kafa.

Sannan Maman Ilham wane yadi kika sa? don in akwai roba a ciki ramukan nan ba za su rufe yadda Tanti ta faɗa ba. In za ki saya ki ce a yanko miki ɗan ƙyalle ki sa masa ashana, auduga zalla tana ci da wuta tana warin takarda ta bar toka mai laushi, mai roba yana narkewa ya dunƙule ya yi baƙin ƙullutu. Boyel fari mara ado na auduga zalla yana yi, ni shi nake sawa, amma ba mai shara-shara sosai ba. Kuma dan Allah kar ki sa bula a ɗauraya, zaren ciki yana shan ta fiye da yadin sai layukan su fito shuɗi shuɗi.

Dattin hannu kuma, ki ɗinka jakar farin ƙyalle ki riƙa sa aikin a ciki, ki wanke hannu kafin ki taɓa, ranar da kika shafa mai ko kika yi lalle sabo ki haƙura da shi.

Maman Ilham:

Kai Allah ya saka muku da alheri, Tanti Rabi Allah ya ƙara lafiya ya raya zuri'a, Malam nagode gaskiya ina jan zare da ƙarfi zan kula. Hajiya Binta na gwada guntun da ya rage da ashana yanzun nan, toka ya bari alhamdulillah, kuma yadi ɗaya ne na raba biyu sai dai ban wanke shi ba kafin in fara. Na fasa kai wa tela. Na zana layi huɗu a zagaye cikin filin nan zan fara ɗinkinsu yau da dare in yara sun kwanta. Abu ɗaya ya rage min Tanti, layin zagayen nan in zan cusa, zare ɗaya zan ja ya zagaye duka gefe huɗun ko kowane gefe da nasa? kuma ina son sa sunan jaririn a tsakiyar kwandon amma ba a haihu ba tukun balle a san suna, zan iya ƙarawa bayan na wanke?

Tanti Rabi:

Amin ƙanwata. Kowane gefe da nasa, ki shiga daga kusurwa ki fita a kusurwa ki yanke ki tura kan ciki, in kin zagaye da zare ɗaya zai ja kusurwoyin su lanƙwashe ciki kamar bakin jaka kuma ba fil ɗin da zai miƙar da su. Ki yi gefen sama sannan na ƙasa, sannan hagu da dama, kuma kafin ki yanke kowanne ki kama yadin ki ɗan ja shi a tsawonsa zaren ya saki jiki a ciki. Layin ciki tukun, na waje a ƙarshe.

Hajiya Binta maganarki gaskiya ce a kan yadin da ba a sani ba, na karɓa, a rigar filon ta wanke duka biyun ta goge kafin ta zana.

Sunan kuma ana iya ƙarawa amma sai kin sake jiƙawa kin sake kafewa, kuma in kin riga kin yi kalmasa ba rarar da fil zai kama. Tunda akwai kwana bakwai tsakanin haihuwa da suna kuma galibi uwa na jin sunan kafin ranar, ki gama komai ki bar gurbin da bakin, ranar da kika ji sai ki sa harafin farko kawai ba duka sunan ba, babba mai layi biyu don ya cusu, ki wanke ki kafe ya kwana biyu, kalmasar yini ɗaya ta ishe ki. Gurbin kar ya wuce santimita biyar, ki zagaye shi da layi ɗaya tun yanzu don ya riƙe wajen.